Dillalin Mai Saye a Ƙofar Mai Kaya: Nazarin Cinikin Voice.com

Ranar 30 ga Mayu, 2019, kamfanin manhajar kwamfuta na MicroStrategy, wanda hedikwatarsa ke Tysons Corner a jihar Virginia ta Amurka, ya sallama sunan adireshin intanet na Voice.com a kan dala miliyan 30, kuɗi hannu. Mai sayen shi ne kamfanin Block.one da ke harkar kuɗin kirifto, kamfanin rajistar sunayen intanet na GoDaddy kuma shi ya yi dillanci a tsakaninsu. Abin da ya sauya hannu kalma ce guda ta Turanci mai haruffa biyar, wadda ma'anarta ita ce "murya", sai wutsiyar .com da ke biye da ita, ba tare da ma'aikata ko abokan ciniki ko wata sana'a mai tafiya ba. Da MicroStrategy ya fitar da sanarwa ranar 18 ga Yuni, wannan ya zama, zuwa wancan lokaci, farashi mafi tsada da aka taɓa bayyanawa a fili cewa an biya da tsabar kuɗi a kan suna tsurarsa, domin ya zarce dala miliyan 17 da rahotanni suka ce kamfanin Qihoo 360 na ƙasar Sin ya biya Vodafone a kan 360.com a shekarar 2015.

Duk wanda ya mallaki suna mai daraja a intanet, wanda masu harkar ke kira domen, wata rana zai buɗe akwatin imel ɗinsa ya tarar da saƙon dillali, kuma tambayar da za ta fara zo masa ita ce ko wannan mutumin abin amincewa ne. Na zaɓi cinikin Voice.com don auna wannan tambaya saboda dalili biyu. Mafi yawan manyan cinikayya a wannan kasuwa ana rufe su ne da yarjejeniyar kame baki, amma MicroStrategy kamfani ne da ake cinikin hannayen jarinsa a kasuwar Nasdaq, don haka kuɗi mai yawa irin wannan dole ya bayyana a rahoton da yake miƙa wa hukumar SEC mai sa ido kan hada-hadar hannayen jari a Amurka. Ƙari a kan haka, shugaban kamfanin na lokacin, Michael Saylor, ya ba da labarin yadda tayin ya riƙa hawa a hirarrakin da ya yi daga baya, abin da masu sayarwa ba kasafai suke yi ba.

Mai kaya da mai nema

Sunan adireshin intanet ba a mallakarsa irin mallakar gona. Rajista ce ake sabuntawa shekara-shekara ta hannun kamfanin rajistar sunaye, babban kundin duk sunayen .com kuma yana hannun kamfanin Verisign, wanda a shekarar 2019 yake karɓar dala 7.85 a kan kowane suna a shekara daga kamfanonin rajista, su kuma su ɗora ribarsu. Wannan ƙaramin adadi yana da muhimmanci a labarin fiye da yadda ake zato. Mai shanu da ya ƙi sayarwa yau, gobe sai ya sayi dusa da harawa; mai gida da ya ƙi sayarwa, damina za ta ci masa rufi. Mai suna a intanet kuwa abin da jira ke ci masa a shekara bai wuce kuɗin abincin rana guda ba a Amurka.

Saylor ya kafa MicroStrategy a shekarar 1989, kuma tun shekarun farko na yaɗuwar intanet ya shiga tara gajerun kalmomin Turanci masu wutsiyar .com, irin su Wisdom.com da Hope.com da Strategy.com da Alert.com. Biyu daga cikinsu ya gina musu sana'a ya sayar: Alarm.com ya bar hannun kamfanin a shekarar 2009 a kan kusan dala miliyan 28, Angel.com kuma ya koma hannun kamfanin Genesys a shekarar 2013 a kan dala miliyan 110. Ke nan mutumin da dillali ya tunkara ya riga ya san abin da kalma guda za ta iya zama, kamfaninsa kuma yana zaune a kan tsabar kuɗi sama da dala miliyan 500. Babu bashin da ke korarsa, babu wa'adin da ke jiransa.

Halin Block.one ya sha bamban. Kamfanin, wanda Brendan Blumer ke shugabanta, ya tara kimanin dala biliyan 4 daga sayar da sulallan kirifto na EOS tsakanin watan Yunin 2017 da Yunin 2018, kuma yana shirin ƙaddamar da dandalin sada zumunta mai suna Voice, wanda yake fatan ya kara da Facebook da Twitter. An tsara taron sanarwar a birnin Washington ranar 1 ga Yuni, 2019. Idan aka jera ranakun biyu, za a ga an kammala cinikin sunan kwana biyu kacal kafin taron. Mai saye yana da kuɗin da ya fi ƙarfin lissafi, yana da ranar da ba ya son ta wuce shi, ya kuma riga ya raɗa wa abinsa suna. Waɗannan abubuwa uku su ne ainihin farashin Voice.com, kuma ba ɗaya daga cikinsu da dillali ya zo da shi a bakinsa.

Yadda tayin ya hau

Bisa labarin da Saylor ya bayar, wani matashin ma'aikacinsa ne ya shigo ofis ya ce masa wani dillali ya taya Voice.com dala 150,000. Ya ce albarka. Bayan ɗan lokaci tayin ya dawo dala 300,000, ya sake ƙi. Aka ninka zuwa 600,000, aka sake ninkawa zuwa miliyan 1.2, daga nan ya haura miliyan 3, ya taka miliyan 6, ya kai miliyan 12, duk ba tare da an faɗa masa wanda ke nema ba. Ya ce ya faɗa musu cewa sunan tamkar 'ya yake a wurinsa, wadda a shirye yake ya aurar da ita, amma sai ga mijin da ya fi shi sanin darajarta. Da tayin ya kai miliyan 22, bai motsa daga miliyan 30 da ya yanka ba, daga ƙarshe mai sayen ya biya.

Tsakanin tayin farko da farashin ƙarshe akwai ninki 200. A nan ne ya kamata mai karatu ya daɗe. Dillalin da ya kawo tayin dala 150,000 bai faɗi ƙarya ba, domin kuwa da an ce an sallama, da an biya kuɗin cif-cif, an miƙa sunan, kowa ya sa hannu, ba kotun da za ta ce an cuci wani. Sai dai mai kaya da ya tafi gida da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da mai saye ke iya biya, yana kuma godiya ga dillali bisa saurin kammala ciniki. Abin da ya kuɓutar da MicroStrategy shi ne karanta alama daga halin tayin kansa: idan mai nema ya ninka kuɗi sau uku a jere alhali ba a ce masa komai ba sai albarka, to ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ɗan kasuwa ne mai neman saye ya sake sayarwa ba, mai buƙata ne wanda ba shi da madadi.

Ya dace a tuna cewa wannan jerin alƙaluma daga bakin Saylor ya fito, mutum mai iya tsara labari, wanda kuma ya ba da shi bayan ya yi nasara. Amma farashin ƙarshe da ranar ciniki da sunan dillali duk suna cikin takardun kamfanin, kuma tsarin fara tayi daga ƙasa a ɓoye sunan mai saye shi ne ainihin hajar da dillalan wannan kasuwa ke tallatawa a fili.

Dillalin wa ne?

GoDaddy, wanda ya fi kowane kamfanin rajistar sunaye girma a duniya, yana da sashen dillanci da aka gina musamman don mai saye. Wanda ke son sunan da ke hannun wani yakan biya kuɗin buɗe aiki da ba a mayarwa, ya faɗa wa dillali iyakar abin da zai iya biya, dillali kuma ya nemo mai sunan ya yi ciniki a madadinsa ba tare da ya ambaci wanda ya aiko shi ba. Idan ciniki ya faɗa, mai saye ya ƙara la'ada, wadda a tsarin yau da kullum kashi 20 cikin ɗari ce, kodayake manyan cinikayya akan sasanta tasu la'adar daban. Babu abin ɓoye a wannan tsari. Manyan kamfanoni suna bin wannan hanya ne don sun san da zarar mai suna ya ji sunansu farashi zai tashi, aikin dillali kuwa shi ne ya hana hakan faruwa.

A ganina, kuskuren da masu sayarwa suka fi faɗawa shi ne ɗaukar kalmar "dillali" a matsayin mutumin tsakiya wanda ba ya da ɓangare. A kasuwar kara, dillali yana tsaye tsakanin mai sa da mahauci, amma mai sa yana ganin mahaucin da idonsa, yana jin yadda aka sayar da na maƙwabcinsa ɗazu, kuma idan dillali ya yi masa coge, mako mai zuwa duk kasuwa ta ji. A cinikin suna na intanet babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowane suna shi kaɗai ne irinsa, ba a ganin mai saye, mafi yawan farashin baya a rufe suke, mai kaya kuma sau da yawa sau ɗaya zai yi irin wannan ciniki a rayuwarsa, alhali dillali yana yi kullum. Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu zai tuna hanin da ya zo a hadisi game da tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, wanda malamai suka bayyana dalilinsa da cewa baƙo bai san farashin gari ba. Ba hukunci nake yankewa a kan dillancin intanet ba. Ina nuna cewa matsalar tsohuwa ce, wato ciniki da wanda aka raba shi da labari.

Akwai kuma batun yawan hulunan da kamfani ɗaya ke sawa. GoDaddy ya sayi kasuwar sunaye ta Afternic a shekarar 2013, ya sayi Uniregistry a 2020, ya sayi Dan.com a 2022. Shi ne mai rajista, shi ne mai rumfar da ake baje sunaye, yana da na'urar ƙiyasin daraja da ke ba da farashi kyauta, yana da dillalan masu saye da dillalan masu sayarwa, yana kuma da nasa tarin sunayen sayarwa a ƙarƙashin NameFind. Wannan ba laifi ba ne a doka, kuma girman kamfanin shi ne ya sa mai saye irin Block.one ya yarda ya ba shi aikin dala miliyan 30. Amma mai kaya da ke magana da ma'aikacin irin wannan kamfani yana da haƙƙin ya tambaya, tun a saƙon farko, wace hula ce a kansa yau, wa kuma zai biya shi la'ada. Dillalin kirki zai amsa kai tsaye, domin ɓoye sunan wanda ya aiko shi daban, ɓoye cewa an aiko shi kuma daban. Tambayar tana ƙara nauyi idan aka san cewa hukumar ICANN, mai tsara harkar sunayen intanet, kamfanonin rajista take tantancewa, ba dillalai ba, kuma dillalin suna ba ya buƙatar irin lasisin da jihohin Amurka ke wajabta wa dillalin gidaje. Kowa na iya wayar gari ya kira kansa dillali.

Da Saylor ya ɗauki nasa dillalin

Amsar da ake saurin bayarwa ita ce mai kaya ya ɗauki dillalinsa na kansa, wanda la'adarsa ke ƙaruwa idan farashi ya ƙaru. Akwai gaskiya a ciki. Dillalin mai sayarwa, irin na kamfanin Sedo da ke birnin Kolon na Jamus ko ƙananan kamfanonin dillanci masu zaman kansu, yakan karɓi tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma abin da yake kawowa shi ne sanin cinikayyar da ba a buga a jarida ba, da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa a manyan kamfanoni, da kuma iya gano mai saye daga salon tayinsa. Ga mutumin da ya gaji suna ko ya riƙe shi shekara ashirin ba tare da sanin kasuwa ba, irin wannan dillali na iya zama bambanci tsakanin dala dubu biyar da dala dubu ɗari.

Amma a gwada lissafin a kan Voice.com, a matsayin misali kawai. A ce akwai dillalin mai kaya da ke da kashi 15 cikin ɗari, tayi kuma ya kai dala miliyan 12. Idan aka sallama a nan, la'adarsa dala miliyan 1.8 ce, a hannu. Idan aka ƙi aka jira miliyan 30, za ta iya zama miliyan 4.5, za ta kuma iya zama babu ko sisi, idan mai saye ya fusata ya sake wa dandalinsa suna. A ranar da ciniki ya wargaje, mai kaya bai rasa komai ba, sunansa yana nan, wani mai nema na iya zuwa bayan shekara biyar. Dillali kuwa ya rasa komai, domin yarjejeniyarsa ta 'yan watanni ce, kuma ba lallai ne shi za a kira a karo na gaba ba. A wurinsa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ba sai ya zama maci amana ba kafin ya ce wa mai kaya, da zuciya ɗaya, wannan tayi ba za a sake ganin irinsa ba. Zan iya cewa dillalai kaɗan ne ƙwarai, komai gaskiyarsu, za su shawarci mutum ya ƙi dala miliyan 12 a kan kalma guda, balle miliyan 22. Shawararsu ma ba wauta ba ce. Hankali ne irin na wanda hasararsa ta bambanta da ta mai kaya.

Wannan bambanci yana ƙara bayyana a takardar yarjejeniya. Dillalan masu sayarwa sukan nemi a ba su sunan su kaɗai na tsawon watanni, ta yadda ko mai saye ya zo ta wata ƙofa daban la'adarsu na nan, wasu kuma sukan ƙara sharaɗin cewa idan aka sayar wa wanda suka taɓa tuntuɓa bayan wa'adi ya ƙare, har yanzu suna da rabo. Sharuɗɗan suna da hujja, tunda dillali na iya shafe watanni yana aiki ba tare da an biya shi ba. Haɗarin yana wurin mai kaya da ya sa hannu ba tare da rubuta mafi ƙarancin farashin da zai karɓa ba, ko ba tare da sharaɗin cewa duk tayin da ya shigo a nuna masa shi yadda yake ba. Inda babu wannan sharaɗi ne ake samun mummunar ɗabi'ar da masu harkar suka daɗe suna kuka da ita, wato dillali ya samu mai saye a farashi mai tsada, ya koma ya saye sunan da araha ta hannun wani nasa, ya cinye abin da ke tsakani.

Akwai wata hasarar da dillalin mai kaya zai iya jawowa wadda ta fi la'ada ciwo. Tun shekarar 1999 ICANN ta kafa tsarin sasanta rikicin sunaye da ake kira UDRP, wanda hukumar WIPO mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da ke Geneva ke cikin masu sauraron ƙararrakinsa, kuma a ƙarƙashinsa ana iya ƙwace suna daga hannun mai shi a ba mai alamar kasuwanci idan aka tabbatar, tare da wasu sharuɗɗa, cewa an yi rajistarsa kuma ana amfani da shi da mugun nufi. Daga cikin alamomin mugun nufi da tsarin ya lissafa akwai mallakar suna da niyyar sayar wa mai alamar a kan kuɗin da ya wuce abin da aka kashe. Dillali mai gaggawa da ya aika wa kamfani mai irin sunan wasiƙar talla yana iya miƙa wa lauyoyin kamfanin hujjar da suke nema. MicroStrategy bai fuskanci wannan ba, saboda "murya" kalma ce ta kowa, ya riƙe ta tun kafin a haifi dandalin Voice, kuma nemansa aka zo yi, ba shi ya fita talla ba.

Inda dillalin ya cika amana

Bayan duk wannan, adalci ne a faɗi abin da ya tafi daidai. Dala miliyan 30 ta isa asusun MicroStrategy, sunan ya isa hannun Block.one kafin taronsa, kuma babu ɓangaren da ya kai ɗaya kotu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar da kayanta ke sauya hannu da 'yar lambar sirri, wadda da zarar mai suna ya miƙa ta, dawo da sunan sai an sha wahala. Mai saye ba ya son ya biya kafin ya karɓa, mai kaya ba ya son ya saki kafin ya ga kuɗi, ga shi ba su san juna ba. Dole a samu ma'ajin amana da zai riƙe kuɗin har sai sunan ya sauka. Kamfanin Escrow.com, wanda aka kafa a 1999 kuma kamfanin Freelancer na Ostireliya ya saya a 2015, sana'arsa ke nan, yana kuma aiki da lasisin jihar California, wanda ke wajabta ajiye kuɗin mutane a asusun amana daban da na kamfani.

Abin da ke faruwa idan babu wannan rabuwa ya bayyana a kamfanin rajista na Epik da ke jihar Washington. A ƙarshen shekarar 2022 masu sayarwa da dama suka fito fili suna kukan cewa sun miƙa sunayensu, masu saye sun biya, amma kuɗin ya maƙale a asusun cikin gida na kamfanin da ake kira Masterbucks. A shekarar 2023 wani mai saye ya shigar da ƙara a kotun tarayya a kan sama da dala 300,000 da ya ce ya zuba don sayen suna bai samu sunan ba, kuma a watan Yunin wannan shekara aka sayar da sashen rajistar ga wasu masu shi daban. Waɗanda abin ya shafa ba a farashi aka cuce su ba, wasunsu ma sun yi ciniki mai kyau; inda aka ajiye kuɗin ne ya zama matsala. A can ƙasan kasuwa kuma akwai 'yan damfara da ke shigar dillalai, su aiko da tayi mai tsoka, sannan su ce mai saye ya nemi takardar ƙiyasin daraja daga wani shafi da suka ambata, wadda mai kaya zai biya kuɗinta. Da zarar ya biya, mai sayen ya ɓace, domin tun farko babu shi. Dillalin da ke neman kuɗi daga mai kaya kafin a yi ciniki, a kan tayin da shi ya kawo, ya riga ya bayyana kansa.

Idan aka auna da waɗannan, dillalin Voice.com ya cika amanar kuɗi da ta kaya ga ɓangarorin biyu. Amanar farashi ce bai taɓa ɗaukar wa mai kaya ba, kuma ba wanda ya ɗora masa ita.

Iyakar abin da za a kwaikwaya

Akwai haɗari a mayar da labarin Saylor darasin cewa kowa ya ƙi tayi har sai an ninka sau 200. Labarin ya shahara ne don ya ƙare da kyau. Waɗanda suka ce albarka a kan dala dubu hamsin, mai saye ya tafi bai dawo ba, ba a gayyatarsu hira. Masu tara sunaye don sayarwa su da kansu sukan ce abin da ke fita daga rumbunsu a shekara bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, mafi yawa kuma a kan 'yan dubban daloli, kuma a wannan mataki ba dillali mai rai ke aiki ba, rumfa ce ta intanet da ke cire kasonta kai tsaye. A tsarin da GoDaddy ya fitar a 2023 kason ya kasance kashi 15 cikin ɗari ga wanda ya jingina sunansa da shafukan tallarsu, kashi 25 ga wanda bai jingina ba. Saylor ya iya ƙin miliyan 22 ne saboda rashinta ba zai hana kamfaninsa biyan albashi ba. Mutumin da ke da kuɗin makarantar yara a gaba yana da wani lissafin, kuma dillalin da ya ce masa ya karɓa wataƙila ya faɗa masa gaskiya.

Abin da za a iya ɗauka daga MicroStrategy ya fi wannan sauƙi. Kamfanin bai bari wanda mai saye ya aiko ya zama shi ne mai faɗa masa darajar kayansa ba. Ya yanka nasa farashin, ya tsaya a kai, ya bar wa dillali aikin kai saƙo da kammala takardu. Har sanarwar 18 ga Yuni ma ya mayar da ita talla, inda ya jero sauran sunayen da ke rumbunsa don duk mai buƙata ya san inda zai same su da irin farashin da ake magana a kai.

Dandalin Voice bai yi tsawon rai ba. An buɗe shi don gwaji a watan Fabrairun 2020, Block.one ya sanar da zuba masa dala miliyan 150 a watan Maris na wannan shekara, a 2021 aka juya shi zuwa kasuwar zane-zanen dijital na NFT, a watan Satumban 2023 kuma masu shi suka sanar da rufe shi. MicroStrategy ya fara sayen kuɗin kirifto na Bitcoin a watan Agustan 2020 da dala miliyan 250, ya mayar da Hope.com shafin wayar da kai a kan Bitcoin, a watan Fabrairun 2025 kuma ya sauya sunan kasuwancinsa zuwa Strategy, ya koma zama a kan Strategy.com, ɗaya daga cikin sunayen da ya jero a waccan sanarwa ta 2019.